Inda Tiyofil Ya Tsaya

Kwana uku ke nan ni da Onorin
ba mu haɗa ido ba.
Buhun albasa goma sha ɗaya
na ɗora wa wani direba a kan amana,
ya nufi kudu, shiru kake ji.
Ita ta yi ban ruwa tun daga dashe,
kafaɗarta ta san nauyin guga,
tafinta ya san igiya.
Ta ce, “Ba ka tambaye ni ba.”
Na ce, “Gidana ne.”
Daga nan muka sa wa baki sakata.

Tuwo, Kilemantin ke kawo mini.
In ina son ruwan wanka, katanga nake gaya wa.
Yara suna tafiya a tsakar gida
kamar masu ɗauke da ƙwai a faifai.

Amma in dare ya yi a Meskin,
an ɗaure awaki, an rage fitila,
tabarma ɗaya gare mu.
Shekara goma sha tara ba mu fasa ba,
ko daren da mayo ya cika ya cinye danga,
ko daren da muka dawo daga binne ta biyu.
Sai muka durƙusa.
Ita can, ni nan,
yara huɗu tsakaninmu kamar gada.

Carbin kakarsu ne a hannun auta,
wanda ƙwaya biyu suka zube
aka maye su da ƙwallon magarya.
Tiyofil ne zai ja mu yau,
don katekis Dawai ya ce masa
wanda zai karɓi Jikin Ubangiji da Ista
ya fara koyon buɗe baki a gida.

Ya yi alamar gicciye da hagu,
yayarsa ta gyara masa hannu.
Ya ɗauko addu’ar Ubanmu tiryan-tiryan,
ya wuce sama, ya wuce ƙasa,
ya wuce abincin yini,
ya zo daidai wurin gafara,
ya tsaya.

Na zaci mantuwa ce.
Na buɗe baki zan tuna masa,
kalmar ta maƙale mini kamar ƙayar tarwaɗa.

Ya ce, “Baba, katekis ya ce
ba a faɗa wa Allah abin da ba haka ba.
In tsallake nan ɗin
sai ran da kuka shirya?”

Gyare yana kuka bayan randa.
Wani babur ya wuce can hanyar Marwa.
Na dubi hannunta a hasken fitila,
na ga zoben nan da ya yi mata yawa ran aure,
wanda ta naɗe da zare don kada ya faɗi.
Sau nawa ta sake zaren ban lura ba?
Ran da Fada ya haɗa hannuwanmu
na amsa da ƙarfi har na bayan coci suka yi dariya.
Ashe amsar ba ta rana ɗaya ba ce,
kamar lambu take,
kullum sai an ja guga.

Na ce, “Onorin, guminki na bayar
ban nemi bakinki ba.”
Murya ta fito mini ƙarama,
ƙasa da ta yaron.
Ba ta ce komai ba.
Ta dai matso da gwiwa kamu ɗaya,
ta ce wa auta, “Kada ka tsallake. Faɗi.”

Ya faɗa. Muka faɗa.
Dezire har ya fara gyangyaɗi.

Direban bai dawo ba har yau.
Kuɗin makaranta na nan yana jiranmu.
Da asuba na riga ta zuwa rijiya,
na ja guga ashirin kafin ta iso.
Ta tsaya, ta dubi kwamin da na jiƙa,
ta ce, “Ka cika musu ruwa, za su ruɓe,”
ta karɓi igiyar daga hannuna.