Gidan Yumɓu

Kowace Laraba nakan bar albasa da ƙishi,
in lulluɓe injin ban-ruwa da tsohon buhu,
in ɗora Sahura a bayan keke.
Daga fadamarmu zuwa ɗakin shan magani na Auyo
ba ta riƙe rigata, ƙarfen sirdi take riƙewa.
Da kuwa sai na ce, "Sassauta, za ki kayar da mu."

Shekararta tara.
Ba zan faɗi abin da aka yi mata ba.
Abin da zan faɗa, mutumin ya sha furar gidana,
damina biyu da garmata ya yi huɗa.

Dattawa suka zo bayan lisha da goro a leda:
"Nomau, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
A rufe, a bar wa Allah."
Na ce to.
Wannan to ɗin ta fi buhun gero nauyi.
Uwarta Tasalla ce ta ɗaga murya daga bayan zana:
"Mikin da aka ɗaure da tsumma ruɓewa yake yi."

Ɗakin yana can baya, kusa da famfo,
koren labule, tabarma, kujerun roba biyu.
Malama Hansatu ba allura, ba ƙwaya.
Na ce, "To da me kike maganin?"
Ta ce, "Da kunne."
Na ji haushin kwalin albasar da na bari.

Laraba uku yarinya ba ta ce uffan ba.
Malama ba ta matsa ba,
ta ajiye mata curin yumɓu, ta koma ɓarar gyaɗa.
Sahura ta gina gida,
katanga ta zagaye, ga rufi,
ba ƙofa.
Aka ɗora shi a kan taga ya bushe.

Ran ta biyar Malama ta leƙo gindin darbejiya:
"Malam Nomau, yau kujerar taka ce."
Na ce ni ai lafiyata lau.
Ta ce, "Yaushe rabonka da barci?"
Ban san wa ya ba ta labarin laujen da ke ƙarƙashin matashina ba.
Na yi kukan da ban yi ba ran da muka binne mahaifina,
ta bar ni har na gama.
Sannan ta ce, "Fuskarka take karantawa.
Ta ga ka daina dariya,
tana zaton ita ce ta yi maka laifi.
Ni na faɗa mata ba haka ba ne,
amma naka bakin take jira."

Na iya cinikin albasa da 'yan Kudu,
na iya raba faɗan makiyayi da manomi,
kalma huɗu suka gagare ni har muka wuce kasuwa.
Sai a kan kwalbati na taka burki.
Ban juya ba, na ce,
"Ba laifinki ba ne.
Kunyar tasa ce, Sahura, shi zai ɗauka."
Shiru.
Balbelu suna ta kiwonsu a cikin shinkafa.
Can ta ce, "Baba,
tayar baya ta sace."
Muka taka da ƙafa, ina jan keke,
ban taɓa jin daɗin faci irin na ranar ba.

Maganar tana kotu, ana ta ɗagewa.
A masallaci wasu sun rage ba ni hannu.
Har yanzu takan farka tsakar dare,
Tasalla ta haska fitila, su ƙirga azarar ɗaki
yadda Malama ta koya musu.

Makon jiya ta gina wani gidan,
ta huda shi da tsinke, ɗan rami kamar na gara.
Malama ta ce, "Wannan fa?"
Ta ce, "Don iska."

Da za mu dawo na ji an ja bakin rigata,
da yatsa biyu.
Ban ce komai ba, na rage gudu.