Shafi na Goma Sha Bakwai

Baba ya bar mana rumbun albasa biyu a Aliero,
da babur da ba ya kamawa sai an tura,
da littafin bashi mai bangon fata
wanda warin albasa ya tare a cikinsa
kamar ɗan haya da ya ƙi tashi.

Bayan sadakar arba'in kowa ya ɗau jakarsa.
Hakilu ya koma Fatakwal,
Shafa'atu ta bi mijinta Gusau,
Mainasara ya nufi Kamba, bakin iyaka.
Ni aka bar wa littafin,
wai ni ce malamar lissafi.

Dare uku ina ɗaukar hoto, shafi bayan shafi,
tocila a baki, waya a hannu.
Rubutun Baba rabi ajami, rabi boko,
bakwai ɗinsa kamar lauje.
Buhu tara wajen Nomau mai mota.
Buhu huɗu, Alhaji Labbo na Jega, ya biya rabi.
Mu ma ana binmu:
kuɗin taki, kuɗin gyaran injin ban-ruwa.

Na fita bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi,
na loda su duka a ma'ajiyar intanet,
wadda yara ke ce wa gajimare.
Inna ta ce, "Gajimare?
Ai shi bai san amana ba,
abin da duk ya ɗauka zubarwa yakai."
Na ce wannan ba ya zubarwa.
Ta ce, "Allah shi sa."

Wayar ta tambaye ni:
su gani kawai, ko su iya gyarawa?
Yatsana ya tsaya a sama.
Nono ɗaya muka sha.
Na danna gyarawa,
na aika wa kowa mabuɗinsa.

Mako guda abin gwanin daɗi.
Shafa'atu ta karanta kalmar da ta gagare ni,
ashe sunan kasuwa ne, ba na mutum ba.
Mainasara ya gamu da Nomau a tasha,
ya buɗe masa shafinsa a waya,
Nomau ya ga hannun Baba, ya cire hula,
ya biya a tsaye.

Ran Talata da asuba na ƙirga hotuna.
Goma sha shida. Goma sha takwas.

Gajimare bai zubar ba, Inna.
Gulma ma ya iya:
ya faɗi wanda ya goge, ya faɗi lokaci,
ƙarfe biyu da minti goma na dare.
Hakilu.

Na ɗauko littafin daga ƙarƙashin katifa.
Shafi na goma sha bakwai, layi ɗaya tal:
Hakilu ɗana, dubu ɗari uku, jarin shago.
Shagon da ya rufe tun bara,
bai faɗa wa kowa ba sai da muka ji a gari.

Na rubuta masa saƙo mai zafi, na goge.
Na sake rubutawa, na goge.
Na buɗe kwandon shara na ma'ajiyar,
ga shafin kwance, yana jiran kwana talatin
kafin ya ɓace gaba ɗaya.
Na ja hoton da yatsu biyu, ya girma,
ya girma har zaren takarda ya fito.

Can ƙasa, inda babban yatsan Baba
ya bar tabon ja na goro,
akwai rubutun fensir da ya kusa mutuwa,
wanda tocila ba ta nuna min ba,
wanda Hakilu, cikin sauri da kunya, bai gani ba.
Kalma biyu da ajami:
na yafe.

Ban kira kowa ba.
Na maido da shafin mazauninsa,
na zana jan da'ira a kan kalmomin,
na ajiye waya, na ɗora tukunya.

Da azahar alamar sunansa ta fito a saman shafin,
ɗan ƙaramin zobe kore.
Yana ciki, yana kallo.
Ni ma ina ciki.
Muka zauna haka, ba wanda ya rubuta komai,
shi a Fatakwal, ni a Aliero,
har cajin wayata ya ƙare.