Ranar da Muka Je Ganin Ruwa

Ɗiyata ta turo mini hotuna daga ƙetare:
tsofaffin da suka ajiye aiki,
an lodo su a mota zuwa gaɓar teku,
gonakin inabi har inda ido ya gaji,
kowa da ɗan kofinsa, yana shinshinawa kafin ya kurɓa.
Na nuna wa Modi a layin tantance 'yan fansho.
Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce,
"Giyarsu, su riƙe abarsu.
Amma mu, mi ya hana mu zuwa Goronyo?"

Mu tara muka yi karo-karo,
mu takwas muka hau.
Sanda ya biya nasa tun ran Laraba,
daren Juma'a ƙafa ta kumbura, ta ƙi takalmi.
Muka ɗora tabarmi a kujerarsa.

Bas ɗin Ladan, igiya ke riƙe da ƙofarta.
Hajiya Kulu, da ta yi shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa,
ta ƙirga mu sau biyu kamar jarirai,
ta ƙwace kilishin Altine tun kafin mu bar Sakkwato:
"Da wannan hawan jinin naka?"

A Achida taya ta sace.
Muka tsaya ƙarƙashin dogonyaro ana faci.
Na duba agogo, takwas daidai,
gabana ya faɗi irin na da,
sai na tuna babu rajistar da ke jiran hannuna.
Na sayi ƙosai. Na ci a tsaye, a hankali.

Sai ga ruwa.

Modi, akawun ma'aikatar ruwa,
shekara nawa yana buga sunan wurin nan da tafireta,
bai taɓa taka shi ba.
Ya cire hula, ya naɗe ƙafar wando,
ya shiga har idon sawu, ya yi shiru.
Da ya juyo sai ya ce,
"A takarda layi ɗaya ne."

Ƙasa da madatsar, bayan kwamin albasa da tafarnuwa,
wani yaro, Nahantsi, ya kai mu lambunsa.
Kurangar inabi bakwai gare shi, kan rumfar kara,
shekara uku yana lallashinsu da ruwan bokiti.
Ya tsinko mana nono guda, 'ya'yan ƙanana kamar magarya.
Muka yi yadda muka gani a hoto:
muka ɗaga sama, muka shinshina, muka tauna.
Tsami ya kama mu har kunne.
Altine, tsohon hedimasta, ya share hawaye,
ya ce, "Arba'in bisa ɗari. A ƙara ƙoƙari."
Yaron ya yi dariya ya fasa mana kankana.

Azahar a kan yashi, alwala da ruwan Rima.
Ƙarfasa soyayyiya, yaji a takardar jarida.
Wayar wani ta yi ƙara,
duk muka dafa aljihu a tare,
ko kuɗin wata huɗun nan ne suka shigo.
Talla ce.
Kulu ta zuba fura, ba wanda ya sake zancen.

A hanyar dawowa shida sun yi barci.
Rana tana faɗuwa kan gonakin shinkafa,
inabin Sanda yana cinyata, a cikin hulata.
Mun same shi a zaure bayan magariba,
ya tauna ɗaya, ya yamutsa fuska,
ya ce a bar masa sauran.

Da dare na tura wa ɗiyata hoton da na ɗauka.
Babban yatsana ya rufe rabi,
sauran ruwa ne, da bayan Modi.
Ta rubuto, "Baba, wane teku ne wannan?"
Har yanzu ban ba ta amsa ba,
yashi nake ta kakkaɓewa daga takalmina.