Na Manta da Gishiri

Albashina na farko ya shigo ran Talata,
waya ta yi ƙara a aljihu
ina tsaka da ƙirga ƙwayoyin zazzaɓi
a kemis ɗin Alhaji Dantani, bakin tashar Jega.
Dubu arba'in da biyu.
Na ji kamar an ba ni garin da kasuwarsa.

Da dare na yagi bayan kwalin magani,
na zauna bisa tabarma, don kujera ba ta san ɗakin ba tukuna.
Ƙofa ɗaya, taga ɗaya, ƙusa uku a bango.
Na rubuta haya a sama,
ita ce ba ta jin "a yi haƙuri".
Sai tukunya mai murfi, murhun gawayi,
bokiti, buta, wuƙa, tsintsiya,
cokali biyu, ko wani zai yi sallama.

Shinkafa kwano uku.
Na soke uku, na sa biyu.
A ƙasar da shinkafa ke kwana cikin fadama
ga ni ina auna ta kamar maganin jariri.

Ranar kasuwa na shiga da takardata a hannu.
Mai tukwane ya ce bakwai,
na taya huɗu, ya ce albarka.
Na juya, na yi taku goma ina jiran ya kira ni.
Bai kira ba.
Na dawo da ƙafata, muka shirya a shida.

Tsohuwa mai daddawa ta leƙa takardar:
"Yaro, da biro kaka yin miya?"
Ta yi dariya har kallabinta ya zame,
ta jefa mini ƙulli guda gyara.

Albasar Aliero kashi ɗaya,
manja rabin kwalba,
man gyaɗa ya jira wata mai zuwa.
Nama kuwa, na tsaya mun gaisa, na wuce.
Busasshen kifin Yawuri uku,
ƙanana, masu ido kamar suna tausayina.

Magariba ta yi, na jera gawayi.
Babu ashana.
Baba Ige ta ɗakin gaba ta ɗebo mini garwashi a marfin kwano
ba ta ce komai ba.
Tukunya ta tafasa, ƙamshi ya kai zaure,
na ɗanɗana.
Lami.
Abu goma sha tara na rubuta,
na manta da na naira ɗari.
Na sake komawa ƙofar Baba Ige, kaina a ƙasa,
kafin in buɗe baki ta miƙo shi a tafin hannu.

Ina saukewa Nafi'u ya yi sallama,
cokali na biyu ya sami mai shi,
abincin gobe ya tafi yau.

Na kira Inna a Bunza.
Mu tara ta ciyar, ban taɓa ganin ta da takarda ba,
ban taɓa tambayar inda gishiri ke fitowa ba,
na ɗauka a cikin tukunya yake tsira.
Ta ce, "Nawa ya rage?"
Na faɗa. Ta yi shiru kaɗan.
"Raba shi huɗu, ka ƙulle kowane daban,
kada na wannan mako ya san ɗakin na wancan.
Kuma in ka auna, ka ƙara tafi guda,
baƙo ba ya aiko da goron zuwa."

Yanzu ga su ƙarƙashin tabarma,
cikin 'yan ledojin da muke zuba ƙwaya,
na rubuta wa kowace: sau ɗaya a mako.
Ta huɗun ta fi sauran rama.

Na yagi sabon kwali na wata mai zuwa.
Gishiri na fara rubutawa,
sannan ashana,
sannan haya.