Ragowar Yadi

A kan sikelin buhunan gyaɗa aka fara auna ni,
bayan shagon Na-Allah, a babbar kasuwa,
don na asibiti ya kai iyakarsa ya yi shiru.
Ɗari da sittin da takwas.
Yaron da ke rubuta nauyin kaya
ya ɗaga biro, ya rasa shafin da zai sa ni.

Lokacin, tumbina ke riga sallamata shiga gida.
Maradi na girmama tumbi,
shi ke faɗin arzikinka kafin ka buɗe baki.
Ƴan kabu-kabu kuwa su hango ni su kau da kai,
wanda ya tsaya, kuɗin mutum biyu,
duk hanya yana yi wa tayar baya addu'a.
Shekara tara ina salla a kujerar roba.

Likita Ubaida ba ta yi mini wa'azi ba.
Ta nuna mini sukari, ta nuna mini tansiyo,
ta ce, Alhaji, wannan ba baƙo ba ne da za a raka tasha,
ɗan gida ne, da shi za ka tsufa.

Ludayi uku na fura, ba ƙwarya ba.
Kwaɗon zogalen Jiratawa har na fara mafarkin ganye.
Bayan asuba, a ƙafa, daga Bagalam zuwa bakin gulbi.
Ranar farko sau shida na zauna,
na shidan a gindin bedi, na ɗan yi kuka.
Mai shayi ya yi kamar bai gani ba,
Allah ya saka masa.

Shekara biyu, kilo saba'in sun tafi,
sun tafi sun bar rigarsu.
Ba wanda ya gaya mini fata ba ta komawa gida.
Ga ta a damtsena tana lilo,
ga ta a cikina kamar buhun da aka zazzage,
in na yi sauri har tafi take mini.
Da bazara in ɗaga ta, in wanke, in barbaɗa hoda,
renon jinjirin da ba ya girma.

A majalisa an ce karaya na yi. An ce sammu.
An ce ciwon nan da ba a kiran sunansa.
Wani ya zo gaishe ni da muryar ta'aziyya
yana leƙen motata.
Da ina mutuwa a hankali, sannu da hutawa ake ce mini,
yau da na tashi, sai Allah ya sawwaƙe.

Na kai manyan rigunana wurin Sallau tela.
Ya rage, ya rage, ya miƙo ragowar yadi
har ta ishi jikokina biyu kayan salla.
Na kama fatar hannuna na ce, wannan fa?
Ya yi dariya da allura a baki:
Wannan ɗinkin ba nawa ba ne, Alhaji.

Da dare na ƙi kunna fitila.
Tsahara ta kunna.
Ta ɗora tafinta kan ninkin, ba ta janye ba,
ta ce, ni ma huɗu na ɗauka, ga sawunsu a cikina,
ka taɓa jin na ba ka haƙuri?

Kada a ce na gama.
Yunwar tana nan, ta san hanyar mai tsiren bakin tasha.
Watan jiya kilo uku sun dawo ba sallama,
Na-Allah ya rubuta su a bango da gawayi, bai ce komai ba.
Gobe ma zan ɗaura takalmi.

Amma ɗazu a masallacin unguwa
na sunkuya, fatar ta riga ni isa tabarma,
goshina ya bi bayanta.
Ashe ƙasa da sanyi.
Liman ya ɗago, sahu ya ɗago,
ni da ragowar yadina muka ɗan ƙara jimawa.