Masaukin Gishiri

Shekara talatin ina binne itace a rami,
in cinna wuta, in toshe mata hanci da turɓaya,
in kwana gadin hayaƙi a bayan Auyo.
Ban san akwai karatu a sana'ata ba
sai da Barira ta dawo daga Dutse
da buhu biyu a naɗe a hammata,
ta ce a cika mata da ɓuntun shinkafa.

Na ce, ke, ko awaki sun raina shi.
Ta ce, Baba, shi nake so.

Ta zauna kan turmi, ta karya fensirin ƙaninta.
Ta ce baƙin da ke cikin nan
jere yake kamar tabarmi a rumfar Cindo,
ɗaya kan ɗaya, da ƙyar allura ta ratsa.
Baƙon da ke kwana a batirin wayarka siriri ne,
yana kutsawa tsakani ya miƙe ƙafa,
amma ɗan nesa ne, kuɗin motarsa da yawa.
Wanda nake yi wa shimfiɗa ɗan gida ne:
yana cikin gishirin miya,
yana cikin kanwar da Inna ke jiƙawa.
Sodiyam sunansa. Ƙato ne, mai faɗin kafaɗa,
ya yi sallama a ƙofar tabarmi, ba a amsa ba.

To ina zai kwana?

Ta nuna min karan dawa da iska ta zubar bayan danga,
wani a gicciye, wani ya jingina da ɗan'uwansa,
ƙadangare na da lungu, 'yan tsaki na da nasu.
Ta ce haka cikin gawayin ɓuntu yake.
Hargitsin nan shi ne ɗakunan.

Sai zancen wuta.
Wai tanderunsu na kai dubu da ɗari uku,
in zafi ya gaza, gawayin duk baki ne, ci kawai,
in ya zarce, ƙofofi su tsuke, baƙo ya tsaya a waje.
Na yi dariya har tari ya kama ni.
Wannan ai tun ba a haife ki ba:
ka buɗe da wuri ka kwashi ɗanye,
ka bar wa iska kafa ka kwashi toka.

Ta ce cajin farko ba ya dawowa duka.
Inna daga madafa ta ce, sabuwar randa ke nan,
sai ta sha nata kafin ta ajiye naka.

Bayan wata biyu ta kira, muryarta a dushe.
Batirin, ɗan mitsitsi kamar kwabo,
ya cika ya juye sau arba'in, sannan ya fara mantuwa.
Wai yashi ya yi yawa a jikin ɓuntu.
Shiru ya yi tsawo, kati na ƙonewa.
Na ce, ramina na farko toka na kwasa, kwando bakwai.

Yanzu ɓawon gyaɗa take so.
Na bi gida-gida, mata na tambaya ko na soma kiwo.
A asibitin garinmu fitila na mutuwa kafin asuba,
ungozoma na riƙe tocila da haƙori.
Ban faɗa musu komai ba.
Na ɗaure bakin buhu,
na rubuta sunanta da gawayi,
na kai tasha ranar kasuwa.