Dodanni Ashirin da Huɗu

Ƙarfe tara na dawo daga asibiti,
warin aidin bai bar yatsuna ba,
Ikilima na tsaye bakin kicin da takarda a hannu:
gobe bikin shigar burtu a makaranta,
kowa ya zo da abin ci mai ban tsoro.
Na ce, 'yar nan, abin ci mai ban tsoro
ai tukunya ce da ka buɗe ka tarar ba komai.
Ko murmushi. Shekararta bakwai,
ba ta wasa da maganar dodo.

To, fulawa gwangwani uku, gishiri ɗan kaɗan.
A Jos ba a roƙon bota ta yi sanyi,
ɗora ta kan taga,
iskar Dogon Dutse ta san aikinta.
Sosej ɗin kaza leda biyu, na Taminus,
da na ɓoye don baƙin da ba su zo ba.
Da kwalba na murza ƙullin,
na yanka shi siri-siri.

Sai hannuna ya riga ni gane aikin:
ɗora, zagaya, gitta, komo,
kada ya matse, kada ya saki,
bar 'yar kafa a sama don ido.
Haka na naɗe ƙaurin wani ɗan dako da azahar,
gemu har ƙirji, yana kiran uwarsa.
Waɗannan kuwa majinyata ne masu ladabi,
ba mai tambaya yaushe za a sallame shi.

Na Ikilima ya fito kamar ƙullin goro.
Na biyu ya kwance ya bar ƙafa waje.
Na ce bari in gyara, ta janye tiren:
Mama, dodo ba ya yin kyau.

Kanumfari biyu-biyu muka dasa musu,
ɗaya ya samu uku,
wai shi ne babbansu, yana gani ta ko'ina.
Muna shafa ruwan ƙwai aka ɗauke wuta.

Na kunna fitilar waya.
Fuskoki ashirin da huɗu suka ɗago suna kallona,
farare, a jere, ba numfashi.
Ni da nake ratsa dogon barandar asibiti ƙarfe uku na dare
ban taɓa waiwaye ba,
sai ga tsikar jikina.
Ta kama gefen zanina: in suka tashi fa?
Na ce, sai mu cinye su.

Maman Chundung ta buɗe mana ƙofa da bargo a ka,
ta ara mana oben ɗinta mai gas.
Minti ashirin muna tsugune mu uku,
ƙamshi na fita ta ƙasan ƙofa yana tashin karen gidan.
Suka shiga farare, suka fito ja-wur,
sun kumbura kamar sun ji an yabe su.

Da safe layinmu ya cika da halittu.
Chundung cikin zanen gado mai huda biyu, tana karo da bango.
Nafi'u jemage ne, da karyayyar lemar babansa.
Ikilima ta fito, na riƙe baki:
farar rigata har ƙasa tana sharar tsakar gida,
hularta a karkace,
sirinji babu allura a hannu.
Na ce, ina dodon?
Ta ce, duk ajinmu ba abin da suke tsoro kamar ke.

La'asar tire ya dawo da maiƙo da ɗigon tumatir,
da guda ɗaya a takarda, mai ido uku,
gefensa ya ɗan ƙone.
A tsaye na ci shi, da ragowar shayi,
takalmin aiki ɗaya a ƙafa.
Sai da na fara cire masa idanun
na jera su a bakin faranti.
Har na kulle ƙofa suna kallona.